Hoton Tarihi a Kan Farantin Ƙarfe: San Abin da Za Ka Rataya

A kasuwannin intanet yanzu ana sayar da wani irin kayan adon bango da babu firam babu gilashi: farantin alminiyum ne siriri, da hoto a jikinsa. Ana fara buga hoton ne da tawada ta musamman a kan takarda, a kifa ta a kan farantin da aka riga aka shafa wa wani fenti mai riƙe launi, a matse su cikin injin mai zafin kusan digiri 200. Zafin sai ya mai da tawadar tururi, ta nutse cikin fentin. Shi ya sa laimar damina ba ta kumbura shi kamar takarda, gara ba ta cin sa, kuma ba shi da nauyi. Wasu kamfanoni, irin su Displate na ƙasar Folan, nasu farantin baƙin ƙarfe ne, da maganaɗisu ake manna shi, ba sai an huda bango ba, abin da zai yi wa ɗan haya daɗi.

Cikin hotunan da suka samu kasuwa akwai na ƙarnonin tsakiya, wato daga wajen shekara ta 500 zuwa 1500 Miladiyya. A nan ne mai saye yake bukatar buɗe ido, domin da yawa daga abin da ake tallatawa da wannan suna ba na zamanin ba ne. Shahararren hoton nan na wata sarauniya mai farar riga tana ɗora takobi a kafaɗar jarumi, Edmund Leighton ne ya zana shi a Ingila a 1901. Wasu kuwa kwamfuta ce ta ƙera su jiya jiya. Babu laifi mutum ya so su, amma kada ya biya kuɗin tarihi a ba shi tatsuniya. Dillalin kirki zai faɗa maka sunan aikin, da shekararsa, da inda asalinsa yake ajiye.

Ga Bahaushe, ina ganin taswirori sun fi komai dacewa. Akwai taswirar Katalan ta 1375, wadda ake dangantawa ga Abraham Cresques, wani Bayahude na tsibirin Mayorka, yanzu tana babban ɗakin karatu na Faransa a birnin Faris. A cikinta an zana Mansa Musa na Mali zaune da kambi, yana riƙe da curin zinariya, shekara hamsin da ɗaya bayan hajjinsa na 1324. Zinariyar da ke shafin tana fitowa sosai a kan ƙarfe, don kuwa masu zanen wancan zamani da gangan suke liƙa ganyen zinariya a kan fata domin shafin ya riƙa walƙiya idan an juya shi a gaban fitila. Takarda tana kashe wannan walƙiyar, ƙarfe kuwa yana ɗan dawo da ita.

Taswirar Al-Idrisi ma ta cancanci bango. Ya kammala aikinsa a 1154 a fadar Sarki Roger na Biyu na Sisili, kuma an ce an zana duniyar a kan babban faifan azurfa wanda ya ɓace daga baya. Kudu ne a sama, don haka Afirka ce ke bisa Turai. Baƙo zai ce maka ka rataya hoton a kife, daga nan hira ta samu. Sai dai shimfiɗaɗɗiyar taswirar da aka fi sayarwa haɗin wani Bajamushe ne, Konrad Miller, wanda ya jera gutsattsarin taswira 70 da ke cikin littafin Al-Idrisi wuri guda a shekarun 1920.

Wanda ba ya son surar mai rai a ɗakinsa bai rasa zaɓi ba: ga zayyanar bangon fadar Alhambra ta Andalus, ga shafukan rubutun Kufi. In ayar Alƙur'ani ce, a san inda za a rataya ta. Haka kuma mafi yawan zanen Turai na wancan zamani na coci ne, wani kuma na yaƙi, don haka a tambayi abin da hoton yake nunawa kafin ya hau bango.

Batun girma shi ne inda ake yawan tafka asara. Yawancin waɗannan ayyuka shafukan littafi ne da ake riƙewa a hannu. Littafin addu'o'in Duke na Berry, wanda 'yan'uwan Limbourg suka fara ƙawatawa a farkon ƙarni na 15 da shuɗin dutsen lazuward mai tsadar gaske, shafinsa bai fi takardar A4 ba. Idan aka buɗa irin wannan ya kai mita ɗaya daga hoto maras ƙarfi, fuskoki sai su dagule, ƙarfe kuma ba ya rufa asiri. Sabaninsa shi ne ɗinkin Bayeux mai ba da labarin cin Ingila a 1066: tsawonsa kusan mita 70 ne, duk abin da za a sayar maka yanki ne kawai. Mai son ya kai a buga masa da kansa ya nemi hoto daga tushe. Gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya saki dubban hotuna kyauta tun 2017.

Saura kulawa. Faranti mai sheƙi yana zama madubi idan ya fuskanci taga, don haka falo mai haske ya fi son wanda ba ya ƙyalli. Rana kai tsaye tana kashe launi a hankali, kusurwa kuma tana lanƙwasa idan ya faɗi. Da hunturu kada a goge ƙura da busasshen tsumma, tana karce fuskar. A fara kaɗe ta, sannan a bi da tsumma mai laushi da ɗan danshi.