Akwatin sifika mara ƙofa: abin da ya kamata a auna kafin a yanka katako

Daga unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi har zuwa Argungu, matasa da dama ba sa sayen sifika haɗaɗɗiya. Sukan sayi ƙwayar sifikar da amfilifaya a kasuwa, su kai wa kafinta ya ƙera akwati. Sai dai sau da yawa da ido ake yanke girman akwatin, a ƙarshe kuɗi ya tafi, sauti kuma ya fito kamar ana dukan garwa.

Dalilin yana cikin yadda sifika ke aiki. Idan faifanta ya tura iska gaba, bayansa yana jan iska a lokaci guda. In babu shamaki, ɓangarorin biyu sai su kashe juna, musamman a sauti mai kauri da ake kira bes. Rufaffen akwati yana tsare iskar bayan, ita kuma ta zama matashin da ke mayar da faifan mazauninsa. Edgar Villchur ne ya fito da wannan tsari a Amurka a 1954, da sifikarsa mai suna AR-1.

Girman akwatin shi ne komai. Mai kalangu in ya matse tsarkiya, amo yakan tashi sama. Haka ƙaramin akwati ke yi: iska ta matsu, bes ya ɓace, wata murya guda ta riƙa dumi. In kuma ya yi girma fiye da kima, faifan ya rasa abin tokare shi, ƙara sauti kaɗan sai ya yage.

Ana lissafin da alƙaluma biyu da kamfanoni ke rubutawa a takardar sifika, Vas da Qts, bisa aikin injiniyoyi Neville Thiele da Richard Small. A raba 0.707 da Qts, a ninka sakamakon da kansa, a cire 1, sannan a raba Vas da abin da ya rage. Misali, sifika mai Vas lita 60 da Qts 0.4 tana buƙatar kusan lita 28. Cikin akwati mai santimita 40 da 28 da 25 ya ba da hakan. Awon ciki ake nufi, ban da kaurin katako.

Sauran aikin na kafinta ne. Katako mai kaurin milimita 18 ya fi, domin siriri yakan yi rawa ya ƙara nasa amon. MDF yana da kyau, amma in ya sha danshin damina sai ya kumbura, don haka a shafe shi da fenti ko a yi amfani da filawud. Ƙusa kaɗai ba ta isa ba, sai an bi kowace gaɓa da gam, an toshe ramin waya, an shimfiɗa auduga ko soso a ciki.

Gwajin mai sauƙi ne: a danna faifan a hankali a saki. In akwai ɓaraka, za a ji iska na fita.

Irin wannan akwati na ɗaki ne da shago, kuma ƙurar hunturu ba ta shiga cikinsa. Amma yana cin ƙarfin amfilifaya. Mai neman cika fili kamar na bikin kamun kifi na Argungu, akwati mai ƙofar iska ne nasa.