In Banki Ya Kamu Da Ciwo, Wa Ke Shan Magani?

Ran 14 ga Agusta, 2009, Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na wancan lokaci, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sallami shugabannin bankuna biyar, wato Intercontinental da Oceanic da Union da Afribank da Finbank, sa'an nan ya zuba wa bankunan Naira miliyan dubu 420 don kada su durƙushe. Kafin shekarar ta ƙare, kuɗin ceton bankuna ya kai Naira miliyan dubu 620.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan hukuma da asarar 'yan kasuwa? Dalili shi ne yawancin kuɗin da ke hannun banki ajiyar jama'a ce: albashin ma'aikaci, da jarin ɗan tireda, da abin da uba ya tara don karatun ɗansa. Kaɗan banki yake riƙewa, sauran kuwa ya ba da su rance. Muddin masu cin bashi suna biya, sha'ani sai ya yi ta tafiya daidai.

Su waɗannan bankuna sun danƙa rance mai yawa ga masu sayen hannun jari da masu shigo da man fetur. Da kasuwar hannun jari ta faɗi a 2008, farashin mai kuma ya karye, sai bashi ya ƙi biyuwa. Wani bashin ma, in za a faɗi gaskiya, tun farko bisa sanayya aka ba da shi, ba tare da jingina mai ƙwari ba.

Bankin da ya shiga wannan hali yakan damƙe hannunsa. Mai masana'anta ya nemi rancen sayen kayan aiki a hana shi, shi kuma ya rage ma'aikata. Waɗanda aka sallama su daina cefane kamar dā, mai shago ya ga ciniki ya ja baya. Ta haka abin yake isa har ga wanda bai taɓa taka ƙofar banki ba.

A 2010 gwamnati ta kafa hukumar AMCON domin ta saye basussukan da suka maƙale ta bi masu su, aikin da ya ci shekaru. Masu ƙaramar ajiya kuwa, hukumar inshorar ajiya ta NDIC, wadda aka kafa a 1988, ita ce madogararsu. A 2024 ta ɗaga abin da take lamunce wa kowane mai ajiya a bankin kasuwanci zuwa Naira miliyan 5. Wanda ajiyarsa ta haura haka, sai ya jira a sayar da kadarorin bankin kafin ya ga ragowar.