Bengu: ƙirga itatuwan da za a sare bai isa binciken muhalli ba

Daga Bengu zuwa Bana da Yelu, cikin gundumar Gaya ta jihar Dosso, giginya ce ke fara yi wa baƙo maraba. Dajin giginyar da ke kwance cikin Dallol Mawri da gefen kogin Isa ya kai kimanin hekta dubu 30, kuma babu kamarsa a faɗin Nijar. Tun watan Afrilun 2004 aka saka Dallol Mawri cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. A wannan yanki ne kuma manyan ayyuka ke ta ƙaruwa: bututun man da ya taso daga Agadem ya ratsa ta Gaya zuwa Seme a ƙasar Benin, ga layin wutar lantarki da aka tsara daga Zabori zuwa Malanbil, ga hanyoyi, ga rijiyoyin burtsatse na noman rani da ke yaɗuwa kowace shekara.

Doka ta ce kafin a soma babban aiki sai an binciki abin da zai jawo wa muhalli. Nijar ta kafa wannan ƙa'ida tun 1997, ta ƙarfafa ta da dokar muhalli mai lamba 98-56 ta Disamban 1998, sannan ta sabunta ta da doka mai lamba 2018-28 ta 14 ga Mayun 2018. Hukumar BNEE da ke Yamai ce ke kula da lamarin. Ana kasa ayyuka aji huɗu, daga A zuwa D, gwargwadon girman haɗarinsu. Mai aikin ne ke ɗaukar masana su rubuta rahoto, a tattauna da mutanen wurin, kwamiti ya zauna ya tantance, in an gamsu minista ya ba da takardar shaida.

Sai dai Yamai na da nisa da Bengu, kusan kilomita 300 ne tsakaninta da Gaya. Wanda ke raka masu bincike cikin daji, wanda ke sa hannu kan adadin itatuwan da za a sare, wanda kuma zai rage a wurin bayan kowa ya koma, shi ne jami'in gandun daji na gunduma ko na ƙaramar hukuma. Ingancin rahoton da ake karantawa a babban birni ya rataya ƙwarai a kan abin da idonsa ya iya gani.

Aikin da aka san waɗannan jami'ai da shi tun zamanin Turawa shi ne tsaron daji, renon dashe, ba da izinin sara da cin tarar wanda ya karya doka. Da yawansu sun fito daga makarantar IPDR ta Kollo ko tsangayar aikin gona ta Jami'ar Abdu Mumuni, kuma sun san itace sarai. Tun dokar gandun daji ta 1974 giginya na cikin itatuwan da aka hana sarewa ba izini, tare da gawo, kaɗanya, tsamiya, ɗorawa da kuka. Don haka in aiki ya zo, abin da ya fi sauƙi shi ne a bi layin, a ƙirga itatuwa, a rubuta sunan kowane, a lissafa kuɗin da za a biya. Lissafin na da amfani, amma yana amsa tambaya ɗaya ce kawai: itace nawa za a rasa? Yarjejeniyar kare bambancin halittu ta Rio ta 1992, wadda Nijar ta amince da ita a 1995, ta nemi fiye da haka a sashenta na 14. Ta nemi a duba abin da aikin zai yi wa halittu iri-iri da zamansu da juna, kuma a taron Kuritiba na ƙasar Brazil a 2006 ƙasashe suka amince da jagorar yadda za a yi hakan.

Giginya ita kanta ta isa misali. Akwai namiji, akwai mace, kuma a tebur ɗin ƙidaya duka biyun "giginya ɗaya" ake rubutawa. Namijin ne magina suka fi so, don azararsa ta fi ƙarfi, gara ba ta cinta da wuri. Macen ce ke ƴaƴa, daga ƙwallonta kuma ake samun murucin da mata ke dafawa suna kaiwa kasuwa. Sare mata hamsin da sare maza hamsin ba asara ɗaya ba ce, ga daji ko ga gidajen da ke ci daga gare shi. Bayan haka, giginya na shafe shekarunta na farko ba ta da gangar jiki, ganye ne kawai a ƙasa kamar kaba. Mai ƙidayar da ke auna kaurin itace zai wuce ta bai rubuta komai ba, katafila ta zo ta share. Filin da takarda ta ce itace goma ne a cikinsa yana iya ɗauke da ɗaruruwan ƙananan da su ne dajin gobe, ga shi kuma giginya kan kai shekara 20 ko fiye kafin ta soma ƴaƴa.

Abin da ya fi wannan ɓuya shi ne ruwa. Giginya ta yi yawa a Dallol ne saboda ruwan ƙasa na kusa, a wasu wurare taku kaɗan za a haƙa a tarar da shi. Wannan ruwan ne ke riƙe da rake, rogo, dankali da shinkafar da aka san yankin da su. Hanyar da aka ɗaga ba a bar wa ruwa isasshiyar mafita ba tana iya mayar da gefe ɗaya tafki, ɗaya gefen ya bushe. Burtsatse masu yawa a wuri guda na iya janye ruwan ƙasa sannu a hankali. A duka biyun ba a sare itace ko ɗaya ba, don haka ba abin da zai fito a lissafin sara, amma bayan ƴan shekaru sai a ga itatuwa na mutuwa a tsaye. Jami'in da aka horar zai buɗe rahoto ya nemi shafin da ya yi maganar zurfin ruwan ƙasa kafin ya nemi na kuɗin diyya.

Sannan akwai maganar lokaci. Binciken da aka yi cikin Afrilu, tabkuna sun ƙafe, ciyawa ta ƙone, zai nuna fili fayau. A dawo wurin cikin Satumba a ga kifi na hayayyafa a ruwan da ya malala, a ga kwaɗi da burgu, ko cikin Janairu a tarar da kirinjijiya da agwagin da ke tasowa daga Turai suna hutawa. Akwai tsattsewar da ke manna sheƙarta a ƙarƙashin ganyen giginya, akwai jemagu da ƙudan zuma da ke taimakon barbarar tsirrai. Ranar da masu bincike suka shiga daji, da yawan kwanakin da suka yi, na cikin abubuwan farko da ya kamata a tambaya, kuma tambaya ce da ba ta bukatar wata na'ura.

Horon da ake bukata, ke nan, ya fi karkata ga iya karanta rahoto da sanin abin da babu a cikinsa. Ya haɗa da sanin jerin matakan da duniya ta yarda da su: a fara neman kauce wa ɓarna, in ba hali a rage ta, a gyara abin da ya lalace, diyya ce ta ƙarshe. A aikace sau da yawa daga ƙarshen ake farawa, don shi ya fi sauƙin rubutawa. Sai a ce an sare ɗari za a dasa dubu, a kawo dogon yaro da turare a jera bakin hanya. Itatuwa ne, suna da inuwa, amma ba sa ba da muruci ko azara, tsattsewar giginya kuma ba ta sheƙa a kansu. Jami'in da ya fahimci matakin farko zai iya cewa a karkatar da layi da ƴan mitoci a bar kurmin matan giginya, kuma faɗin haka tun aikin na kan takarda ya fi araha ga kowa.

Tarihin yankin ma na da abin koyarwa. An daɗe ana sarar giginyar Gaya da izinin hukuma ana lodi zuwa birane, mutanen da ta tsiro cikin gonakinsu ba su da ta cewa. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Manomi kuwa ba ya renon abin da ba shi da rabo a ciki. Cikin shekarun 1990, da tallafin ƙasar Suwizilan da ƙungiyar UICN, aka soma damƙa kula da dajin a hannun kwamitocin ƙauyuka, suna tsaro, suna shuka ƙwallo, suna samun kaso daga kuɗin da aka sayar. Waɗannan mutane, da masunta, da makiyayan da suka san burtali, da matan da ke dafa gishiri a Dallol Foga, sun san inda ruwa ke kwana da inda tsuntsu ke sauka fiye da masanin da ya zo na kwana uku. Taron jin ra'ayin jama'a da doka ta tanada kan zama na sa hannu kawai in da Faransanci aka yi shi, a gaban maza kaɗai. Jami'in da ke jin Hausa da Dandanci shi ya fi dacewa ya sa wannan sani ya shiga rahoto da sunan wuri da lokacinsa.

Bengu na dab da iyakar Najeriya, Kamba ta jihar Kebbi na nan kusa, Benin na hayin kogi. Ruwa da kifi da garken shanu na ƙetare waɗannan iyakoki, alhali kowane rahoto a bakin iyakar ƙasarsa yake tsayawa. Hukumar raya kogin Isa ta ABN, mai mazauni a Yamai, ta haɗa ƙasashe tara, cikinsu har da waɗannan uku, kuma horon haɗin gwiwa tsakanin jami'an Gaya, Kamba da Malanbil zai sa aƙalla su riƙa auna abu ɗaya da ma'auni ɗaya.

Saura bin sawu bayan an ba da takardar shaida. Kowane rahoto na zuwa da tsarin alkawuran da mai aiki ya ɗauka, kuma a nan ne aka fi samun rauni, don zagayen duba aiki na son mota da mai da lokaci. Jami'i ba zai iya cewa daji ya ragu ba sai yana da abin kwatantawa: adadin maza da mata da ƙanana a filayen da aka yi wa alama, zurfin ruwa a wasu zaɓaɓɓun rijiyoyi rani da damina, da ranakun da tsuntsaye ke isowa. Littafi ɗaya da awon igiya sun isa a fara, muddin ana ajiye kwafinsa a ofishin magajin garin Bengu, yadda in an yi wa jami'i canjin wurin aiki wanda ya gaje shi zai tarar da shi.