Rigar Sanyi Mai Zagayayyen Wuya

'Yan'uwana mata, hunturu ba ya sallama. Wadda ta jira sai Disamba kana ta nemi kwarashi, lalle ɗanta zai sha ɗari kafin riga ta kammala. To, ga wata saƙa wadda ba ta bukatar ɗinki.

Daga wuya ake farawa. Ki yi sarƙa, amma kafin ki haɗa bakinta ki gwada ta a kan yaron, ba a wuyansa ba. Kan yaro babba ne, sarƙa kuwa ba ta miƙewa. Ni kaina na taɓa saƙa wa ƙanena riga sukutum, ta ƙi wuce kunnuwansa, sai warwarewa na yi.

Sa'an nan ki riƙa zagayawa kina ƙari daidai wa daida, kamar mai ɗinkin faifai. Ki shimfiɗa ki duba. In ta tashi kamar ƙoƙo, ƙarin ya yi kaɗan. In bakinta ya tattare, ya yi yawa.

Idan saƙar ta kai hammata, ki kasa ta 4: gaba, baya, da hannu 2. Gaba da baya su fi faɗi. Ki tsallake hannuwan, ki yi 'yar sarƙa ƙarƙashin kowace hammata, ki ci gaba da jiki. Hannuwa ne na ƙarshe.

Ki sayi ulunki gaba ɗaya, domin rini yakan bambanta. In kin wanke, a shimfiɗe za ki shanya. Baɗi in yaro ya ƙara tsawo, sai ki ƙara layi a ƙasa. Allah ya ba da sa'a.