Daga Kududdufin Birni Zuwa Madatsar Ƙauye

Wanda ya ga Ƙofar Ruwa yau, da shagunan rodi da kayan gini da na gyaran mota, da ƙyar zai yarda cewa tsohon birnin Kano garin kududdufai ne. Duk inda aka haƙi ƙasa don ganuwa ko soro, rami ya zauna, damina ta cika shi. Nan dabbobi ke sha, in wuta ta tashi nan ake rugawa da bokiti. Yanzu an cike akasarinsu da shara, an kafa gini a kai. Ruwan sama ya rasa masauki yana afka wa gidaje, ran gobara kuwa in tankin 'yan kwana-kwana ya ƙafe sai a yi ta jiran wani.

A karkara, ƙaramar madatsar ƙasa ce ke aikin kududdufin. Kano ba baƙuwar abin ba ce: a zamanin Gwamna Audu Baƙo, 1967 zuwa 1975, aka gina Bagauda da Tiga, duk da ƙasa. Sai dai makiyayin Bichi ko Ɗambatta ba Tiga yake nema ba. Ruwan da zai kai shanunsa ƙarshen bazara yake so.

Zurfi ya fi faɗi amfani a nan. Ruwa in ya bazu ba zurfi, iskar hunturu da ranar Afrilu za su shanye shi tun kafin garke ya ƙoshi. Cikin bangon madatsar kuma yumɓu ake zubawa, kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana daɓewa. Yashi ba ya riƙe ruwa komai yawansa. Abin da bai kamata a yi wa rowa ba shi ne mafitar rarar ruwa a gefe, domin bangon ƙasa ba ya jure ruwa ya haura kansa. Bagauda kanta ta ɓalle a Agustan 1988 bayan mamakon ruwa, balle aikin ƙauye.

Sauran aikin na masu gari ne. A shinge bangon kada kofato ya zaizaye shi, a ja ruwa zuwa kwamin shayarwa a ƙasansa. Kada a bar itace ya girma a kai, domin saiwa in ta ruɓe hanyar yoyo ce. A bar wa tankar ruwa hanyar shiga, a kuma yashe laka duk rani, tun tana iya ɗebuwa da shebur da amalanke.