Ko Kun Sani? Akwai Wasan da Aka Gina a Kan Rabon Ruwan Rani

A wasan kwamfuta na Frostpunk, wanda kamfanin 11 bit studios na ƙasar Poland ya fitar a 2018, kai ne shugaban gari cikin tsananin sanyi, gawayi kuma ba ya isa. Dole ka zaɓa: ka ɗumama gidaje, ko ka ɗumama wuraren aiki. Da gangan masu tsara irin wannan wasa suke rage kayan masarufi, don a ga me mutum zai fifita idan abu ya yi ƙaranci.

Akwai wani wasan da ya fi kusa da mu. Wani masani ɗan Ingila, Bruce Lankford, ya ƙirƙiro wasan rabon ruwan kogi, aka gwada shi a Tanzaniya da Najeriya. Katako ne mai gangara, da hanyar ruwa a tsakiyarsa. Ana sako ƙananan ƙwallayen gilashi daga sama, su ne ruwan, kowa ya sa ɗan tsinke ya tare su zuwa gonarsa. Na sama ya ɗiba da yawa, na ƙasa ya tashi hannu wofi.

Manomin Kura ko Bunkure ba ya buƙatar a yi masa bayani. Ruwan da ke zuwa ta babbar kanal daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ne na shinkafa da tumatir da alkama, kuma daga Tigan ake sakin na shan birnin Kano da na fadamun Haɗeja da Nguru. Mai gona a ƙarshen kanal yakan kwana bakin ruwa da fitila, yana jiran na gaba su gama.