Filin Gwaji: Inda Ya Kamata Saba Ta Fara Lalacewa

A daren 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab yana ƙoƙarin gyara rumbun bayanansu, sai ya ba da umarnin gogewa a kan babbar saba, alhali ta biyu yake nufi. Kafin ya farga ya tsayar, bayanai kusan gigabait 300 sun tafi. Da aka koma ga kwafin ajiya sai aka tarar babu komai. Manhajar da ke yin kwafin ta PostgreSQL 9.2 ce, rumbun kuwa yana kan 9.6, don haka ta daɗe tana kasawa, kuma saƙonnin gargaɗin da take turawa ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka sa'o'i shida kafin lamarin domin amfani a filin gwaji. Duk da haka sai da aka shafe kusan sa'o'i 18 ana maido da shafin, kuma aikin waɗannan sa'o'i shida ya salwanta.

Saba ita ce kwamfutar da ke riƙe da shafin intanet, ko manhajar banki, ko rajistar ɗalibai, tana amsa wa sauran kwamfutoci. Filin gwaji kuwa tagwaye ake yi mata, inda za a fara jarraba duk wani sauyi kafin ya isa ga jama'a. Amfaninsa ɗaya ne: idan abu zai lalace, ya lalace a inda babu mai asara.

Kafa shi ba ya buƙatar dukiya mai yawa. Da manhajoji irin su VirtualBox ko Proxmox, kwamfuta guda tana iya ɗaukar kwamfutocin kwaikwayo uku ko huɗu a cikinta, kowacce da nata Ubuntu ko Debian ko Windows Server. Sharaɗin farko shi ne ta gwaji ta yi kama da ta aiki: tsarin aiki iri ɗaya, lambar manhaja iri ɗaya, saiti iri ɗaya. Na biyu, a raba su sarai. Kowacce da sunanta da kalmar sirrinta, har wasu kan sauya launin allon umarni na sabar aiki zuwa ja don kada ido ya ruɗe. Na uku, kada a zuba ainihin bayanan mutane a filin gwaji sai an ɓoye sunaye da lambobin waya. Sannan kafin kowane sauyi a adana hoton halin da kwamfutar take ciki, ta yadda idan abu ya ɓaci za a koma baya cikin ɗan lokaci.

Matsalolin ajiya sukan zo da fuskar da ba tasu ba. Manhaja ta ƙi tashi, a yi ta zargin ta, ashe faifai ne ya cika. A Linux, umarnin df -h yana nuna sauran wurin da ya rage, kuma sau da yawa kundin rahoton da ke cikin /var/log ne ya kumbura ya cinye shi. Wani lokaci kuma ga wuri, amma an ƙi karɓar sabon fayil. A nan df -i ake dubawa, domin miliyoyin ƙananan fayiloli na iya ƙarar da guraben rajistar faifan. Idan aka sake kunna saba ta maƙale, a duba /etc/fstab: sunaye irin su sdb da sdc suna iya musanya, shi ya sa ake kiran faifai da lambarsa ta UUID wadda ba ta canzawa. Lafiyar faifan kansa kuma smartctl ke bayyana ta. A inda ake yawan ɗauke wuta, saba marar batirin UPS tana cikin haɗari, domin yankewar wuta ana tsakiyar rubutu tana iya gurɓata fayiloli.

Akwai wani ruɗi da ya kamata a kauce masa. Tsarin RAID, wanda ke rubuta bayani a faifai biyu ko fiye, yana kare mutum idan faifai ɗaya ya mutu, amma idan aka goge fayil bisa kuskure, a dukansu zai goge. Masana sukan ba da shawarar kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam.

Ita kuwa matsalar sadarwa, daga ƙasa ake faro ta. Shin waya a jone take, fitilarta na ci? Shin saba ta samu adireshin IP, kuma babu wata na'urar da ke amfani da irinsa? Daga nan a yi ping zuwa rauta, sannan zuwa wani adireshi na waje kamar 8.8.8.8. Idan lamba ta amsa amma suna bai amsa ba, laifin na DNS ne. Idan saba na amsa ping amma manhaja ta yi shiru, to ko katangar tsaro ce ta rufe ƙofa, ko manhajar ba ta saurare: SSH na amfani da ƙofa ta 22, HTTPS ta 443, PostgreSQL ta 5432. Masu koyo da yawa kan sha wahala a VirtualBox saboda saitinsa na asali, wato NAT, yana barin kwamfutar kwaikwayo ta fita intanet amma ba ya barin na waje ya shigo mata, sai an mayar da shi tsarin gada ko an tura mata ƙofa.

A duk wannan, abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a rubuta shi, a ga sakamako. Wanda ya taɓa saiti biyar a tare, ko ya dace abin ya gyaru, bai san wanne ne ya yi maganin ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai kula da saba ya ware rana a kowane wata ya ɗauko kwafin ajiya, ya maido da shi a filin gwaji, ya auna tsawon lokacin da hakan ya ci. Ya cika faifai da gangan, ya zare waya, ya kashe wuta, ya ga ko saƙon gargaɗi zai iso wayarsa. Idan bai iso ba, wannan ne gyaran farko da ke gabansa.